Yadda za ka ƙera ƙaramar tarakta Ferguson mai tafiya da jan garma a gida

Wani ɗan'uwa mai sana'ar walda ne ya aiko da tambaya. Yana son ƙera ƙaramin samfur na tsohuwar tarakta, irin 'yar tokar nan ta Ferguson, kuma ba ta ado a kan teburi yake nufi ba: so yake ta yi tafiya, ta karya kwana, ta ɗaga garma ta sauke. Abin da ya mallaka injin walda ne da giranda da diril da sauran kayan hannu. Yana son sanin inda zai fara, da kuma ko zai iya ɗora mata ɗan injin fetur don ta riƙa ƙara irin ta gaske.

Ɗan'uwa, za ka iya, kuma da waɗannan kayan na hannunka. Sai dai maganar injin fetur ka jingine ta tukuna. Ƙananan injinan da ake sayarwa don motocin wasa suna juyawa fiye da sau 20,000 a minti, man da suke sha haɗi ne na musamman da ba a gidan mai ake samunsa ba, kuma ƙararsu tsiwa ce zalla, babu ko ɗigon gurnanin tarakta a ciki. Wanda ya nace sai ya yi inji mai silinda huɗu na gaske a wannan ƙanƙanta, to ya shiga wata sana'a daban, ta masu injin fiƙe ƙarfe, kuma shekaru take ci. Injin yankan ciyawa ko na ƙaramin janareta ya fi dacewa da tarakta mai girman da yaro zai hau, wannan kuma wani aikin ne. Naka zai yi tafiya da moto na lantarki, a ɓoye a cikin jiki, a rufe shi da siffar inji. Babu wanda zai raina maka aiki saboda haka matuƙar ta ja garma.

Wadda ka zaɓa ita ce Ferguson TE20. An ƙera ta a masana'antar Banner Lane da ke Coventry a Ingila daga 1946 zuwa 1956, kuma an fitar da fiye da rabin miliyan. Jajayen Massey Ferguson da muka saba gani a gonakinmu, irin su 135 da waɗanda suka biyo baya, jikokinta ne, domin kamfanin Harry Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na Kanada a 1953. Wannan dangantaka za ta yi maka amfani: ko ba ka samu 'yar tokar ido da ido ba, ka je inda aka ajiye tsohuwar 35 ko 135, ka durƙusa a bayanta ka kalli yadda hannuwan ɗaga garma suke haɗe. Tsarin bai canza sosai ba. Ka kuma tsai da shawara tun yanzu a kan wace iri kake kwaikwaya, domin akwai mai fetur, akwai mai kananzirin inji, akwai mai dizal da ta fito a 1951, kuma gefen injinsu ba ɗaya ba ne. Mai fetur tana da kafireto da wayoyin fulogi, mai dizal tana da famfon mai da siraran bututai. Kada ka cakuɗa hoton wannan da na waccan.

Girman da nake ba ka shawara shi ne kashi ɗaya cikin goma. Lissafinsa ba ya buƙatar kalkuleta: santimita ɗaya a jikin babbar, milimita ɗaya ce a jikin taka. Tsakanin cibiyar ƙafar gaba da ta baya a TE20 inci 70 ne, wato kusan santimita 178, saboda haka naka santimita 17.8. Tsawonta duka kusan santimita 292, naka 29. Tayar baya mai lamba 10-28 tsayinta ya kai kusan santimita 120, taka 12, faɗinta biyu da rabi, wilinta bakwai. Ta gaba mai lamba 4.00-19 kusan santimita 70, taka bakwai, faɗinta santimita ɗaya kacal. Tazarar ƙafafun baya ana iya canza ta daga inci 48 zuwa 76 ta hanyar juya farantan wili. Ka ɗauki 52, ka samu santimita 13 da 'yar ɗoriya daga tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya. In ka yi ƙasa da wannan girman batir da moto ba za su samu wuri ba, in ka haura sosai kuma komai zai fara neman kuɗi da ƙarfi.

Sauran awon daga hoto za ka ciro shi. Ka nemi hoton da aka ɗauka daga gefe sak, daga nesa, kyamara a daidai tsayin cibiyar taya. Hoton da aka ɗauka kusa-kusa yana kumbura abin da ke gaba, ya tsuke na nesa, kuma duk wanda ya yi awo a kansa tarakta mai ƙaton hanci zai ƙera. Ka kai wa masu buga takarda su faɗaɗa shi har tazarar cibiyoyin nan biyu ta zama santimita 17.8 a kan takardar. Daga nan duk inda ka ɗora rula, awon samfurinka ne kai tsaye. Kafin ka taɓa ƙarfe ka yanka komai da kwali, ka manna, ka tura batir da moto a ciki ka ga ko sun shiga.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, kuma a nan yawancin masu wannan aiki suke faɗuwa: sauri. Tarakta in tana noma, abin da take yi bai wuce kilomita biyar a awa ba. Kewayen tayarta ta baya santimita 377 ne, ka raba za ka ga tana juyawa kusan sau 22 kawai a minti. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, samfurin ma sau 22 ɗin nan ya kamata tayarsa ta juya, domin tayar ta ragu kashi goma, nisan da za a ci ma ya ragu kashi goma. Wato santimita 14 a daƙiƙa. Ga gwaji mai sauƙi: ta ɗauki daƙiƙa biyu kafin ta wuce tsawon jikinta. Mutum sai ya ɓata watanni yana gyara bonet da fenti, ya ciro moto daga motar wasan yara ya saka, ya kunna, sai ka ga abin ya zura a guje kamar ɓeran da aka buɗe wa rumbu, ya daki bango. Duk kyan ƙirar, ido ya riga ya yanke cewa abin wasa ne. Tafiyar nan ta ƙasaita, a hankali da nauyi, ita ke sa mai kallo ya yarda tarakta yake gani, kuma ita ce dai ke kawo ƙarfin ja, tunda duk juyin da giya ta rage, ƙarfi take mayar da shi.

Don haka ka nemi moto wanda ya zo da akwatin giyarsa ta ƙarfe a haɗe. Akwai mai kaurin milimita 25 da ake sayarwa da lamba JGA25-370, yana zuwa da sauri iri-iri. Ka ɗauki wanda zai ba ka juyi 100 zuwa 130 a minti a wutar da za ka ba shi. Giyar da za ta karkatar da juyin zuwa ƙafafu za ta sake rage shi kusan kashi uku, sai ka samu 35 zuwa 45 a taya in ka taka iyaka, ka riƙa rage shi da rimot lokacin noma. Ƙarfin da ake nema ma ana lissafa shi: daga cibiya zuwa bakin taya santimita shida ne, to in kana son ta ja nauyin kilo ɗaya, sai aksul, wato sandar da ke juya tayoyi, ya samu ƙarfin murɗa na kilo shida a santimita, ka kuma ninka don kada moton ya riƙa aiki a bakin iyakarsa yana zafi. Moton gilashin ƙofar mota da na waifa suna da ƙarfi da saurin da ya dace, ga araha a wurin 'yan gwangwan, amma sun yi wa wannan girman ƙiba. Su na wanda zai yi kashi ɗaya cikin biyar ne ko shida.

Sai batun raba juyi tsakanin ƙafafun baya. In an karya kwana, tayar waje ta fi ta ciki cin nisa, kuma difarensha ce ke ba da damar haka. Mafi sauƙi ka samu ta motar rimot mai girman ɗaya cikin goma, mai haƙoran ƙarfe, ka gina mata gida. In ba ta samu ba, ka ba kowace ƙafa motonta, ka jera wayarsu ɗaya a bayan ɗaya, wato wuta ta ratsa na farko sannan ta shiga na biyu. A haka suna raba ƙarfi daidai, kowanne ya yi saurin da kwanar ta ba shi, sai dai kowanne rabin wutar yake samu. Akwai masu cire giyar kan matacciyar giranda, babbar da ƙaramar, su ɗaure ƙafafun biyu a sanda ɗaya. Wannan yana ja sosai a miƙe, amma a kwana sai ta riƙa ture ƙafafun gaba tana neman wucewa gaba. Ni ban ƙi shi ba ga aikin farko, musamman tunda kana da matattun giranda a kusa, in dai ka san abin da ka saya.

Ka lura da wani abu a jikin Ferguson: ba ta da shasi. Inji da akwatin giya da gidan aksul na baya ne aka ɗaure da kusoshi suka zama ƙashin baya guda, komai a jikinsa yake rataye. Kai ma haka za ka yi. Ka samu bututun ƙarfe ko na alminiyum mai kusurwa huɗu wanda moton zai shige ciki, a ƙarshensa ka haɗa gidan aksul, bututai biyu su fita hagu da dama. In ka shimfiɗa faranti a ƙasa ka jera kaya a kai, daga gefe za a gane, domin kyan 'yar tokar yana cikin siririn ƙugunta da sararin da ake hangowa ta ƙarƙashinta. Sandunan cikin tsohuwar firinta miƙaƙƙu ne sumul, masu kaurin milimita biyar ko shida sun yi daidai da aksul, ka zaunar da su a kan boris mai lamba 625 ko 626, biyu a kowane gefe. Wurin da taya za ta zauna ka goge gefe ɗaya na sandar ya kwanta, ka ɗaure da ƙaramar kusa mai murɗi, ko ka huda ka zura fil. Gam ba ya riƙe taya a kan aksul, ko wane iri ne aka ce maka.

Tunda kai mai walda ne zan ja kunnenka: hannunka zai riƙa kai wa injin walda, ka hana shi. A kan ƙashin bayan zai yi, amma ƙarfen da bai kai milimita ɗaya ba hudawa zai yi ya kuma karkace. Yawancin haɗin a wannan girma na ƙananan noti ne masu lamba M2 da M3, sai liƙin dalma a kan gwangwani da tagulla. Masu gyaran lagireto suna da guntayen tagulla, kuma sun fi kowa iya dalma, zama da su na yini ɗaya ba asara ba ne. Duk abin da ke motsi ko zai iya lalacewa, da noti za a ɗaure shi don a iya kwancewa. In kana son gidan aksul da wili su fito da siffar zubi irin ta asali, ka sassaƙa su da katako mai laushi ka kai wa masu zuba tukwanen alminiyum, irin na Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai. Da ƙasa suke ɗaukar siffa, kuma abin da ya fi wannan wuya suna fitarwa. Ka bar ɗan ƙarin kauri inda za ka goge da inda za ka huda.

Tayoyi su ne rabin kamannin tarakta, kuma da su nake so ka fara aikin hannu. Ka sayi robar tafin takalmi mai kauri a wurin masu sayar da kayan ɗinkin takalma, ka yanka faifai uku ko huɗu, ka manna su da gam ɗin takalmi har kaurin ya kai santimita biyu da rabi. Ka zura doguwar kusa a tsakiya, ka ɗaure a bakin diril, ka kama diril ɗin a bais, yana juyawa kana riƙe da samfefa har ta zama da'ira mai santimita 11 da kafaɗu masu lanƙwasa. Sannan ka rarake tsakiyar daidai wili. Gindin gwangwanin abinci na giram 400 faɗinsa kusan santimita bakwai ne, wato wilin ya zo maka a shirye, sai dai ka ƙarfafa tsakiyarsa da faranti mai kauri. Haƙoran taya ka yanka su daga roba mai tauri, tsayin milimita biyar, ka ƙirga yawansu a hoto, ka zana wurin kowanne da biro kafin ka shafa gam. A karkace suke zama, na hagu da na dama suna shiga tsakanin juna, ba gaba da gaba ba. Ka kuma kula da inda suka fuskanta: in ka kalli saman tayar, tsinin ya nuna gaba, ta yadda shi zai fara taɓa ƙasa ya tura laka waje. Ta hagu da ta dama ke nan ba iri ɗaya za a ɗaura su ba. Na gaba ba su da haƙora, layuka ne suka zagaye su, kuma sirantarsu ce kyansu, kada ka ji tsoro ka ƙara musu faɗi.

Aksul na gaba a kan fil ɗaya yake a tsakiya, yana lilo sama da ƙasa, sanduna biyu kuma suna tokare shi daga baya. Kusa mai lamba M4 ta isa fil ɗin. Kada ka ɗaure shi ƙam, domin a ƙasa mai gargada tarakta mai sandararren gaba za ta riƙa ɗage ƙafar baya ɗaya, kuma da difarensha, ƙafar da ke sama ita ce za ta yi ta juyawa a banza. Ka ajiye fensir a ƙarƙashin tayar gaba ɗaya: in na baya biyu suna ƙasa daram, ka yi daidai. Sitiyarin TE20 yana da sanduna biyu, ɗaya a kowane gefen inji, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Wannan ya zo daidai da ɗan injin juya hannu da ake kira sarbo, in ka saka masa hannu mai kai biyu ka ɓoye shi a ƙarƙashin dashbod. Ka ɗauki mai haƙoran ƙarfe. Sandunan kuma sifok ɗin keke ne, da ɗan notinsa na asali, wanda zai ba ka damar tsawaitawa da gajartawa har ƙafafun su miƙe.

Bayan tarakta shi ne dalilin da ya sa ake tuna sunan Ferguson, kuma a nan ya kamata ka kashe lokacinka. Kafin shi, garma jan ta ake yi da sarƙa ko sanda ɗaya, kuma irin su Fordson ta 1917 sun yi ƙaurin suna da miƙewa tsaye su kife kan direba in garma ta kama dutse ko saiwa. Ferguson ya ɗaure garmar a wuri uku: hannuwa biyu a ƙasa suna ja, ɗaya a sama. In garma ta nutse, ƙasa na riƙe bakinta, sai samanta ya nemi kifawa gaba ya danna hannun sama. Wannan dannawar tana hana gaban tarakta tashi, nauyin garma da na ƙasar da take ɗagawa kuma ya koma kan tayoyin baya. Da haka tarakta mai kilo 1,100 da 'yan kai ta yi aikin da a da sai mai nauyin gaske. Akwai kuma sifirin a gindin hannun saman da ke jin nauyin ja, ya sa famfon mai ya ɗan ɗaga garma in ƙasa ta yi tauri. Wannan tsarin ne Ferguson ya nuna wa Henry Ford a 1938 suka yi yarjejeniya da musafaha kawai, Ford 9N ta fito a 1939, daga baya suka ɓata har kotu, Ford ya biya dala miliyan 9.25 a 1952.

A samfurinka, hannuwan ƙasa ka yanke su daga ƙarfe mai kaurin milimita biyu. Wurin da suke kama garma tazararsu kusan santimita bakwai ce, kuma suna tsukewa yayin da suka nufi jikin tarakta, yadda in ka ci gaba da layinsu a zuci za su haɗu can wajen aksul na gaba. Wannan tsukewar ce ke sa garma ta bi bayan tarakta ta koma tsakiya da kanta. Kada ka matse mahaɗansu, su samu 'yar rawa gefe da gefe, sai ƙananan sarƙoƙi su hana su taɓa taya. Hannun sama ka yi shi da sifok biyu da dogon noti a tsakiya don a iya daidaita shi. Mai ɗagawa kuma sarbo ne mai ƙarfi irin MG996R, a ɓoye a ƙarƙashin kujera, yana juya sanda mai hannu biyu, daga kowane hannu sanda ta sauka zuwa hannun ƙasa. Maganar famfon mai na gaske ka bar ta. Ana sayar da ƙananan, amma tsada gare su kuma yoyo ba ya ƙare musu. Sirinji da ruwa na aikin makaranta ne.

Ga sirrin da ba a gani a hoto: Ferguson ɗagawa kawai take yi, ba ta danna garma ƙasa. Nauyin garma da yadda bakinta ya karkata su ne ke nutsar da ita. In ka haɗa sarbo kai tsaye, zai danna, garma ta tokare ƙasa, sai tayoyin baya su yi sama su rasa riƙo. Maganinsa ka yi doguwar huda a maimakon zagayayyiya a inda sandar ɗagawa ta kama, tsawon milimita takwas zuwa goma, yadda sarbo zai iya ja sama amma in ya sauka sai fil ya yi yawo a cikin hudar, garma ta bi ƙasa da kanta.

Wutar ba ta da wahala. Rimot mai tashar 2.4GHz mai layi uku ko fiye: tafiya, sitiyari, ɗaga garma. Na motar wasan yara ba zai yi ba, domin bai san kaɗan-kaɗan ba, ko duka ko babu. Sai na'urar daidaita gudun moto, wadda yawanci ita ce ke ba sarbo wuta mai bolt biyar ko shida. Batir biyu irin na cikin laftof masu lamba 18650 suna shiga ƙarƙashin bonet inda tankin mai yake a ta gaske, su ba ka bolt 7.4. Ka saka musu allon kariya, ka yi caji da cajar da aka yi dominsu, kada ka bar su a rana ko a caji ka kwanta, kuma wanda fatarsa ta yage ko ya kumbura ka rabu da shi. Wutar lithium ba ta jin ruwan buta. In kuɗi ya yi kaɗan, a rimot da moto da boris za ka kashe shi, sauran duk bola za ta iya bayarwa.

Bonet ka sassaƙa siffarsa da katako tukuna, sannan ka lanƙwasa gwangwani a kai, ko ka tsaga bututun roba na famfo ka gasa shi sama-sama har ya yi laushi ka danna. Kada ya ƙone, hayaƙinsa guba ne, kuma a waje ake wannan aikin. A ta gaske bonet da fuskar gaba tare suke kifawa gaba a kan fil biyu na ƙasa. Ka yi naka haka, ka samu ƙofar canza batir kyauta. Kujera daga babban cokali, sitiyari daga zoben waya. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ta yi aiki ka gamsu ka kwance ta gaba ɗaya: toka daga sama har wili, shafi siriri sau da yawa, ba mai walƙiya sosai ba, kuma ba ranar da hazo ya sauko ba.

Saura ranar gwaji. A lissafi, tunda tsawo da faɗi da tsayi duk sun ragu kashi goma, nauyi kashi dubu ya kamata ya ragu, wato kilo ɗaya da ɗan kai. Amma ƙasar da za ka nome ba ta ragu ba. Tsakuwa mai girman wake a wurin samfurinka dutse ne mai girman dunƙulen hannu. Saboda haka ka kai nauyinta kilo biyu, kashi biyu cikin uku a kan ƙafafun baya. Dalmar da masu balans ke maƙalawa a wilin mota tana shiga cikin wilinka ta ɓuya. Ƙasar kuma ka tankaɗe ta da ragar sauro, jigawa mai ɗan laka, ka yayyafa ruwa har in ka dunƙula ta tsaya, in ka taɓa ta wargaje. Busasshen yashi komawa yake cikin rami, ba za ka ga aikinka ba. Garmar asali mai baki biyu ce, kowanne yana yankan inci 12, naka ke nan santimita uku, zurfi ɗaya da rabi zuwa biyu. Cokalin ƙarfe da aka yanka aka ɗan murɗa yana kifar da ƙasa da kyau. In mai faifai kake so irin wadda aka fi sani a wajenmu, gindin gwangwanin maganin sauro na fesawa ya riga ya lotsa kuma girmansa ya yi, amma ka tabbata babu sauran iska a ciki, ka yanka da zarton hannu nesa da wuta, ba da giranda ba. Ka yi garmar da nauyi, ka fara da baki ɗaya.

In ta tsaya tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, nauyi ne ya yi kaɗan ko garma ta yi zurfi. In tayoyin ne suka tsaya moto na gurnani, giya ce ba ta isa ba, kuma ƙara batir ba zai gyara ba sai dai ya ƙona moton. In garma na shawagi a sama ta ƙi shiga, ka gajarta hannun sama kaɗan don bakinta ya duƙa. In tana nutsewa ba tsayawa, ka tsawaita. Bayan layin farko tayoyin dama a cikin ramin da aka yanka suke tafiya, tarakta ta karkata, garma ma ta karkata da ita. Ferguson tana da hannun murɗawa a kan sandar ɗagawa ta dama don gyara wannan daga kan kujera. Kai ma ka yi sandar dama da sifok da notinsa, ka riƙa gajarta ta rabin juyi rabin juyi har gindin ramin ya kwanta daidai.